Big T, Big Deuce da 'yan'uwansu: a jira sabon fitarwa, a sayi tsoho, ko a sauka zuwa ƙaramin ma'auni?

Wanda ya daɗe yana haɗa ƙananan motocin roba, wata rana sai idonsa ya faɗa kan manyan kit ɗin hot rod da kamfanin Monogram na Amurka ya yi a farkon shekarun 1960, wato kwalayen sassan mota da mutum zai haɗa da kansa, a ma'aunin 1/8, inda tsawon motar yake kashi ɗaya cikin takwas na ta gaske. Hot rod ita ce tsohuwar Ford ta shekarun 1920 ko 1930 da samarin Amurka, musamman na kudancin Kalifoniya, suke rage wa nauyi, su cire mata madigadi, su sauke ta ƙasa, su ɗora mata inji mai ƙarfin gaske. Monogram ya fito da Big T a 1962, Ford Model T mai ɗauke da injin Chevrolet 283, har ya sa Darryl Starbird na garin Wichita ya ƙera motar gaske irinta don nuni. Big Deuce ta biyo baya a 1963, Ford ɗin 1932 marar rufi da injin Pontiac. Daga ƙashin bayan Big T kuma aka samo Big Rod, Big Drag da Big Tub. Lindberg shi ma ya yi nasa a ma'auni ɗaya, har da ƙaramin injin batir a ciki.

Mai son waɗannan motoci yana tsakanin tambayoyi biyu da suka sarƙe da juna. Shin sun cancanci kamfani ya sake zuba su? Kuma kafin a yi hakan, in ma za a yi, ina ya kamata ya sa kuɗinsa? Amsata a taƙaice ita ce Big Deuce da dangin Big T sun cancanta, amma da sharuɗɗa, kuma ba kowane tsohon babban kit ne ya kai a tashe shi ba.

Da farko a san girman abin da ake magana a kai. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya a Ford ɗin 1932 inci 106 ce. A ma'aunin 1/25 da aka saba, wannan santimita 10.8 ke nan. A 1/16 ta zama 16.8, a 1/12 ta zama 22.4, a 1/8 kuwa 33.7, kuma motar gaba ɗaya ta kai kusan rabin mita. Fuskar da za a fesa wa fenti ta ninka ta 1/25 kusan sau 10, cikin da motar ke ci a sarari kuma kusan sau 30. Duk wata matsala da duk wani daɗin wannan harka daga waɗannan alƙaluma suke fitowa.

Ma'aunan zaɓi

Kuɗi na gaskiya. Farashin kwali ba shi ne kuɗin ba. Sai an haɗa da fenti, gam, kayan da za a maye gurbinsu, da kuɗin turowa. Kamfanonin jigilar kaya ta jirgin sama suna cajin babban kwali da girmansa idan girman ya fi nauyin: a ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5,000. Kwali mai 60 × 40 × 15 zai fito kilo 7.2 ko da abin da ke ciki bai kai rabin haka ba. In aka sa shi cikin wani kwalin kariya mai 66 × 46 × 21, ya haura kilo 12. Ga wanda za a turo wa Kano ko Yamai, kuɗin hanya na iya kamo kuɗin kayan.

Lafiyar kayan. Abubuwa huɗu ne ke tsufa a cikin kwali: robar jikin motar, tayoyi, ƙyallin kurom, da sitikun ruwa. Kowannensu da irin mutuwarsa.

Sauƙin haɗawa. Shin sassan suna zama da juna, ko sai an yi ta goga da ciko?

Kama da motar gaske. A 1/8 ido yana ganin komai. Wayar fulogi mai kaurin milimita 7 tana zama 0.9, ana iya riƙe ta da yatsa a lanƙwasa. A 1/25 kuwa 0.28 ce. Wannan ke sa babban kit ya fi karɓar ƙarin aiki, kuma shi ke tona asirin duk inda kamfani ya yi ha'inci.

Haɗarin asara. Ɓacewar sashe ɗaya, karyewa a hanya, ko jiran abin da ba zai zo ba.

Akwai kuma wurin ajiya, wanda mutane ba sa tunawa sai sun gama. Big Deuce tana son akwatin gilashi mai kamar santimita 60 × 30 × 25. Ba ta da rufi, don haka ƙurar hunturu za ta zauna a kujera da tsakanin kafiretoci inda buroshi ba ya kaiwa sai da ɓarna.

Tsohon kit na asali wanda ba a haɗa ba

Abin da yake da shi wanda babu a sauran shi ne an zuba shi lokacin da ƙarfen zubin yake sabo. Layukan jiki a fili suke, rarar robar da ke fitowa a bakin sassa kaɗan ce, kuma duk kayan da aka cire a fitowar baya suna nan, har da kwalin da zanensa na asali. Ga Big Rod da Big Drag, waɗanda ba kasafai ake ganinsu ba, tsohon kwali ne kusan hanya ɗaya ta samun su yadda suka fito.

Farashi shi ne mafi tsada cikin kit ɗin roba. Cikakke mai kyan kwali ana maganar ɗaruruwan daloli a eBay da kasuwannin masu tarawa, kuma babban kaso na kuɗin nan na kwalin ne da takardun, ba na robar ba. Ranar da ka yanke sashe na farko daga reshensa, wato sandar robar da sassan suke zuwa manne a jikinta, wannan kason ya tafi.

Sai matsalar shekaru sittin. Tayoyin roba mai laushi ce da aka sa wa sinadarin da ke hana ta taurare. Sinadarin yana tsatsowa a hankali, kuma duk robar jiki da ta jingina da taya sai ta yi laushi ta lotsa, taya ta bar hotonta a kai. In abin ya faɗa kan ƙofa, ana ƙwaƙule wurin a cike da fila. In ya faɗa kan gilashin gaba, sai dai a yanko sabo daga farar roba mai haske. Kurom kuma ba ƙarfe mai kauri ba ne: siririn alminiyam ne da aka feso a kan wani fenti mai sheƙi, kuma idan rassan suka yi shekaru suna gugar juna a cikin kwali, gefuna sukan goge su nuna launin robar. Sitiku suna yin rawaya, su kuma farfashe da zarar sun taɓa ruwa. Ana iya ceto su da Microscale Liquid Decal Film, a shafa sau biyu a bari ya bushe kafin a jiƙa, amma farin da ya koma rawaya ba koyaushe yake dawowa sarai ba.

Robar kanta takan yi gautsi. Dogayen sassa irin su shasi da firam ɗin gilashi sukan karkace idan kwalin ya kwana a ɗaki mai zafi da kaya a kansa. Ana miƙe su da ruwan zafi mai digiri 70 zuwa 80: a tsoma na daƙiƙa 20 zuwa 30, a danne a kan gilashi ko tayil mai santsin fuska, a zuba ruwan sanyi. Kada a yi da tafasasshe, don robar tana sakin jiki gaba ɗaya a wajen digiri 100, kuma abin da ya tsuke ba ya komawa.

Wanda zai saya ya nemi hoton kowane reshe gaba da baya, ya riƙe takardar umarni ya ƙirga sassa da lambobinsu. Kalmar “da alama cikakke ne” a bakin mai sayarwa ma'anarta bai ƙirga ba. Kwalin da ba a taɓa buɗewa ba kuma ba tabbacin lafiya ba ne, don a cikinsa ne tayoyi suka fi samun lokacin yin ɓarna.

Sabon fitarwa daga tsohon ƙarfe

Nan ne maganar take da zurfi, don mutane da yawa suna ɗauka kamfani zai danna maɓalli kawai kit ya fito.

Ƙarfen zubi kamar ƙarfen buga bulo yake, sai dai shi na baƙin ƙarfe ne mai nauyin gaske, kuma ana tura masa narkakkiyar roba da matsi mai tsanani. Babban sashe irin bodin 1/8 yana buƙatar babban inji mai iya matse fuskokin ƙarfen biyu, in ba haka ba roba ta tsiyayo ta gefe. Shekaru suna cin bakin ƙarfen, tsatsa tana cin fuskarsa idan an ajiye shi babu mai, kuma ƙananan guntayen da ake zarewa a mayar sukan ɓata. Mafi muni shi ne gyaran da ba ya komawa. Kamfanonin wancan zamani sukan sassaƙe ƙarfen wata mota su mayar da shi wata don su sami sabon kaya da arha. Dangin Big T sun fito daga tushe ɗaya, an yi ta sauya kayan har zuwa wata fitowar baya mai suna Golden T, don haka dawo da kowacce yadda take yana nufin a sake sassaƙa sassan da suka salwanta. A yau ana yin haka ta hanyar ɗaukar hoton tsohon sashe da na'urar auna siffa, a zana shi a kwamfuta, a yanka sabon ƙarfe. Yana yiwuwa, amma kuɗi ne.

Mallakar ƙarafan ma ta sha yawo. Monogram ya faro a Chicago a 1945, ya shiga hannun Mattel, aka haɗe shi da Revell a 1986, Hobbico ya saye su a 2007, sannan Hobbico ya durƙushe a 2018. A 2018 ɗin ne masu zuba jari na Jamus suka karɓi Revell, kamfanin Atlantis na New York kuma ya sayi tarin tsofaffin ƙarafan Revell, Monogram, Aurora da Renwal. Lindberg yana hannun Round 2 na South Bend a jihar Indiana, tare da AMT da MPC. Ga kuma lasisi: sunan Ford, na General Motors, da na masu taya irin Goodyear da Firestone duk sai an biya. Shi ya sa wasu sabbin fitarwa ke zuwa da taya marar rubutu a gefe, abin da ba ya damun kowa a 1/25 amma yake tsone ido a 1/8.

Duk da haka an sake fito da Big Deuce fiye da sau ɗaya, Big T da Big Tub ma sun dawo ƙarƙashin Revell. Wasu fitowar Big Deuce na baya har sun ƙara da injin flathead, wato V8 ɗin da Ford ya fara sa wa motar a 1932, ban da na Pontiac. Waɗannan kwalaye na baya-bayan nan su ne sirrin kasuwar. Robarsu ba ta tsufa sosai ba, sitikunsu galibi suna aiki, farashinsu yawanci yana ƙasa da na asali, kuma babu wanda zai yi maka kallon mai ɓarna don ka haɗa su.

Aibinsu a bayyane yake. Rarar roba ta fi yawa. Layin mahaɗar ƙarfe yana bin tsawon shasi da aksil, sai an kankare shi da bayan wuƙa a goge da samfefa mai lamba 400, sannan 600, sannan 1000. Sassa masu kauri suna da ɗan lotsawa a fuska inda roba ta tsuke wajen hucewa. Wani lokaci kurom ɗin ya yi kauri har ya binne ƙananan layuka. Kuma ƙirar ta 1963 ce: sitiyari mai juyawa, ƙofofi masu buɗewa, fitilu masu aiki da batir a fitowar farko. An yi su ne don yaro ya ji daɗi, shi ya sa maƙalan ƙofa suka fi kima girma, kuma gaɓoɓin sitiyari suna da sako-sako har tayoyin gaba su kalli wurare dabam-dabam. Ƙwararru da yawa sukan saita tayoyin su manne gaɓoɓin da gam, su haƙura da juyawar.

Sharuɗɗan da za su sa sabon fitarwa ya cancanci kuɗinsa ba su da yawa. Tayoyi su zo cikin ledarsu dabam, kurom da gilashi ma haka. A zuba bodin da farar roba ko mai ruwan toka, don jar roba da baƙa suna wahalar da mai fenti, ja ma har takan ɓullo ta cikin farin fenti idan ba a sa fentin ƙasa mai toshewa ba. A sake buga sitiku, har da fuskokin agogon dashbod. A maido da sassan da aka cire. A kuma faɗa a jikin kwali cewa ƙarfen na shekarun 1960 ne, don kada sabon shiga ya zaci zai samu irin daidaiton kit ɗin kamfanin Tamiya na Japan. Kamfanin da ya zuba tsohon ƙarfe yadda ya same shi, ya canza kwali kawai ya ɗora farashin zamani, bai yi wa kowa alheri ba.

Haɗarin wannan zaɓi shi ne jira. Babban kwali yana cin wuri a kwantena da kan kanta, masu sayensa ba su kai na 1/25 yawa ba, don haka akan zuba shi sau ɗaya a yi shiru na shekaru. Idan ya fito kuma ba ka saya a lokacin ba, sai ka same shi a hannun 'yan kasuwa da ƙarin kuɗi.

Wadda wani ya riga ya haɗa

Yaran shekarun 1960 sun haɗa dubban waɗannan motoci da gam ɗin tub, suka shafe su da fentin buroshi. Da yawa suna nan da rai, kuma su ne mafi arha, musamman idan wani abu ya ɓata. Wannan hanya ta fi kowace cin lokaci, amma ta fi koyar da mutum.

Ana farawa da ɗaukar hoto ta kowace fuska kafin a taɓa komai. Sannan a jiƙa motar da ruwa, a sa ta a leda, ta kwana a firiza. Ruwan da ya shiga mahaɗa yana kumbura idan ya daskare, ya tsage tsohon gam. Akan maimaita sau biyu ko uku. Inda yaron ya malala gam har robar ta narke ta zama ɗaya, firiza ba za ta yi komai ba, sai siririn zarto. Tsohon fentin mai yana fita da abin wanke tanda mai soda a ciki: a fesa, a rufe a leda, a bar shi awoyi, a goge da tsohon buroshin haƙori, da safar hannu da tabarau. Fentin ruwa yana fita da sifirit mai ƙarfi, isofurofil kashi 91 ko sama. Man birki yana cire fenti amma yana iya sa tsohuwar roba ta ƙara gautsi. Tina da asiton kuwa narkar da ita suke yi nan take. Kurom yana wankewa a ruwan bilic cikin mintuna, sai dai fentin da ke ƙarƙashinsa yakan rage, kuma ba a haɗa bilic da kowane abin wanki.

Maido da ƙyalli shi ne wahalar. Fentin kurom irin Alclad II a kan baƙin fenti mai sheƙi, ko Molotow Liquid Chrome, suna ba da kama, amma ba sa jure yatsa kamar na kamfani. A kan murfin lagireto ko salansa mai tsawon tafin hannu, bambancin yana fitowa.

Duk inda ya karye kuma yake ɗauke da nauyi, kamar bakin aksil, kada a dogara da gam kaɗai. A huda ɓangarorin biyu, a zura sandar tagulla mai milimita 1 zuwa 1.5, a manne da ifoksi. Wanda zai bi wannan hanya ya sani sau da yawa sai ya sayi gawa biyu kafin ya tashi mota ɗaya, kuma kuɗin turowa sau biyu na iya cinye arhar.

Sauka zuwa 1/16 ko 1/12

Mota a 1/16 fuskarta kashi ɗaya cikin huɗu ce ta 1/8, cikinta kashi ɗaya cikin takwas. Tana shiga kanta, kwalinta bai kai wancan tsadar hanya ba, kuma har yanzu wayar fulogi da bututun mai suna da girman da hannu zai iya. Revell ya yi Ford ɗin 1934 a 1/16, da jerin motocin tseren miƙaƙƙiyar hanya na shekarun 1970 waɗanda Atlantis ya sake fito da wasunsu. Monogram ya yi Chevrolet ɗin 1957, Corvette ɗin 1967 da Camaro ɗin 1969 a 1/12, kuma ƙirarsu ta fi ta 1963 tsabta. Sai dai waɗannan na 1/12 ba hot rod irin ta Model T ko Ford 1932 ba ne. In zuciyarka tana kan buɗaɗɗen inji a gaban ƙaramin bodi, ba za su gamsar da kai ba.

Bugun resin da kit ɗin ƙarfe na wata-wata

Na'urar buga abu mai siffa ta canza lissafin. Yanzu ana sayen zanen inji, wili, kafireto ko bodi a intanet, a buga shi a girman da ake so. Ga ƙananan sassa, resin, wato ruwan robar da na'urar take daskarar da shi ya zama sashe, ya fi duk abin da ƙarfen 1963 zai iya bayarwa. Ga babban bodi kuwa labari ya sha bamban: bai shiga yawancin na'urorin gida a dunƙule ba, sai an raba shi an haɗa, siraran bangarori suna karkacewa bayan an gasa su da hasken UV, kuma layukan bugu, ko da an yi su a milimita 0.05, suna bayyana ƙarƙashin fenti mai sheƙi in ba a goge ba. Gam ɗin roba ba ya kama resin, sai sufagulu ko ifoksi. Yana karyewa kamar tangaran idan ya faɗi. Ruwansa kafin a gasa yana cutar da fata, ƙurarsa ba ta shaƙuwa, don haka a goge shi da ruwa.

Amfaninsa mafi girma shi ne a matsayin ƙari: bodi da shasi na Monogram, inji da wili na resin. Wannan ma hujja ce ga sake fitarwa, don raunin tsohon kit, wato ƙarancin ƙananan bayanai, yanzu yana da magani, alhali abin da yake da ƙarfi a kai, babban bodi mai santsi da arha, shi ne resin ya kasa.

Kit ɗin 1/8 na ƙarfe irin na DeAgostini da Agora, da na Pocher, wani layi ne dabam. Galibi sun zo da fentinsu, da sukudireba ake haɗa su, kuma jimillar kuɗin waɗanda ake biya kashi-kashi, ana turo sassan wata-wata, takan haura dala dubu. Motocin da suke zaɓa sun fi karkata ga na fina-finai da na alfarma, kuma jikin ƙarfe ba ya yankuwa da sauƙi, alhali ruhin hot rod shi ne yanka da sauyawa. Rushewar Eaglemoss a 2022 ta nuna haɗarin biya kashi-kashi, don mutane sun tsaya da rabin mota a hannu suna jiran wanda zai ci gaba.

| Zaɓi | Kuɗi | Lafiyar kaya | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Tsoho na asali | Mai tsada ƙwarai | Taya, kurom da sitika sun tsufa | Matsakaici | Ɓataccen sashe, faɗuwar daraja in an haɗa |
| Sake fitarwa | Matsakaici | Mai kyau | Matsakaici, akwai goga | Ƙarewa a kasuwa, dogon jira |
| Wadda aka haɗa | Arha a farko | Marar tabbas | Mai wuya | Gam da ya narkar da roba, sayen ta biyu |
| 1/16 ko 1/12 | Ƙasa da 1/8 | Mai kyau in sabo ne | Mafi sauƙi | Ƙarancin ainihin hot rod |
| Resin | Ya danganta da yawan sassa | Mai gautsi | Mai wuya ga bodi | Karkacewa, rashin dacewa da kit |
| Ƙarfe na wata-wata | Mafi tsada | Mai ƙarko | Mai sauƙi, amma dogo | Tsayawar kamfani, wuyar sauyawa |

Waɗanne ne suka cancanci dawowa

Big Deuce ce kan gaba, ba tare da gardama ba. Siffarta ta kama motar gaske, Ford ɗin 1932 har yau ita ce uwar hot rod, kuma shasinta yana karɓar kowane inji da mutum ya ga dama. Big T tana biye, musamman in za a haɗa kayan Big Rod da Big Drag a kwali ɗaya, don ginshiƙinsu ɗaya ne kuma sassan da za a sake sassaƙawa ƙanana ne. Kwali ɗaya mai fita uku ya fi kwalaye uku sauƙi ga kamfani da mai saye.

Na Lindberg hujjarsu ta fi rauni. An gina su ne a kewaye da injin batir, don haka wasu sassan an yi musu girman da zai ɗauki giya da waya, ba girman motar gaske ba. Suna da daɗi a matsayin kayan zamaninsu, kuma bodinsu da wilinsu suna amfani ga mai haɗe-haɗe, amma wanda ya biya kuɗin babban kit yana neman kama sosai zai yi aiki mai yawa kafin ya gamsu.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai tarawa, wanda daɗinsa kwali da tarihi, ya sayi na asali. Ya buɗe shi in a buɗe yake, ya ware tayoyin cikin jakar takarda, ya sa takarda mai laushi tsakanin rassan kurom, ya ajiye shi a ƙasan kabad a ɗaki mafi sanyi. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, saman silin ƙarƙashin kwano da but ɗin mota wuraren kisa ne.

Mai son haɗawa ya nemi fitowar Revell ta baya, mai flathead in ya samu, kada ya ƙona kuɗi a kan kwalin 1963 da zai yanka. In farashin hannu ya yi masa yawa, ya jira sanarwar kamfani, ya yi oda tun kafin kayan su sauka.

Wanda bai taɓa fesa mota ba ya fara da 1/25, inda kuskure ke cin dala talatin ko arba'in, sannan ya gwada 1/16. Fentin da ya yi ƙuraje a kan rabin mita ba ya ɓuya.

Mai haƙuri da ƙarancin kuɗi, wanda yake da wani a Amurka ko Turai da zai tara masa kaya a turo sau ɗaya, ya sayi haɗaɗɗu biyu ya tashi ɗaya.

Mai neman motar gasa ko nuni ya haɗa biyu: bodi da shasi daga sabon fitarwa, inji, kafiretoci da wili daga resin, wayoyi da bututu daga waya da tagulla na gaske. Kafin ya sa taya, ya naɗe bakin wilin da siririn foyil ko ya shafe shi da ifoksi don kada taya ta taɓa robar. In ya gama, ya sa ɗan katako ƙarƙashin kowane aksil yadda tayoyin za su shafi ƙasa ba tare da sun ɗauki nauyi ba, don motar 1/8 da aka bari a kan tayoyinta shekaru tana lotsa su, aksil ɗin gaba kuma ya sunkuya.